Kocin NBA a ƙungiyar jami'a: yaushe yake yin rana, yaushe yake zama asara?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a wata jami'a a Amurka. Ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando ta shekara uku tana shan kashi, har aka sallami kocin. Yanzu tsofaffin ɗaliban makarantar sun dage sai an ɗauko wanda ya taɓa horarwa a NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando. Ni a ganina wanda ya iya da manyan ƙwararru, ai yara 'yan shekara 19 ba za su gagare shi ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba ƙarami ba ne. Wannan lissafin naka shi ne daraktocin wasanni da dama suka yi, suka zuba miliyoyin daloli suka ɗauko mai suna, bayan shekara uku ko huɗu suka sake zuba wasu miliyoyin don a rabu lafiya. Ba wai kocin NBA bai san ƙwallo ba ne. In ana maganar zana dabara a kan allo saura daƙiƙa bakwai a tashi, da wuya ka sami wanda zai ja da su. Matsalar ita ce sanin ƙwallo bai kai rabin aikin kocin jami'a ba, kuma ɗaya rabin shi ne wanda a NBA wani ne yake yi masa.

A NBA koci yana da janar manaja a samansa. Shi ke sayen 'yan wasa, shi ke musanyarsu, shi ke zaɓo sababbi a zaɓen da ake yi duk watan Yuni. Koci sai dai ya wayi gari ya tarar da mutum 15 an ajiye masa, kowa da kwantiraginsa, wanda ya ƙi zuwa atisaye a yanke masa albashi. A jami'a kuwa babu mai kawo maka kowa. Kai za ka tashi ka nemo, kuma neman nan ba na waya ba ne kawai.

Na taɓa zama a wani ɗakin wasa na sakandare a watan Yuli, lokacin da dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta yarda kociyoyi su je kallon yara a gasannin bazara. Tun ƙarfe takwas na safe suke jere a kan benci mai tauri, kowa sanye da riga mai tambarin makarantarsa. Doka ta hana su yi wa yaron magana a wurin. To me ya kawo su? Don yaron ya ɗaga kai ya ga cewa babban kocin da kansa ya zo, ba mataimaki ya turo ba. Na ga dattijo mai furfura, wanda albashinsa ya kai miliyoyi, yana cin abinci a takarda a kan cinyarsa har ƙarfe tara na dare, saboda yaro ɗan shekara 16 wanda wataƙila gobe ya ce ya fi son wata makarantar. Daga nan kuma sai zuwa gidan iyaye, a zauna a falo, a sha tambayoyin uwa: wa zai kula da karatunsa, in ya ji rauni fa, nawa za a ba shi, minti nawa zai riƙa bugawa? Mutumin da ya shekara 20 yana yawo a jirgin ƙungiya yana kwana a manyan otal, ka tambayi kanka ko ransa zai so wannan zawarcin. Wasu suna so. Da yawa sai sun karɓi aikin suke gane ba za su iya ba.

Shi kansa wasan ma ba iri ɗaya ba ne. NBA minti 48 ne kashi huɗu, jami'a minti 40 ne kashi biyu. A NBA daƙiƙa 24 gare ka ka jefa ƙwallo, a jami'a 30. Layin maki uku ya fi kusa a jami'a, mita 6.75, a NBA kuwa yana kai mita 7.24, saboda haka fili ya fi cushewa. A NBA mai tsaro ba zai tsaya ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku ba in ba wani yake gadi ba. A jami'a babu wannan dokar, sai a dasa maka dogo guda a ƙarƙashin kwando ya toshe hanya tun daga farko har a tashi, dabarun buɗe fili da ka zo da su duk su bi ruwa. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba. Sannan kaka guda a NBA wasa 82 ce, in ka yi rashin nasara biyar a jere ba wanda zai ɗaga hankalinsa. A jami'a wasanni 30 da 'yan kai ne, kuma duk shekarar ana auna ta ne da gasar watan Maris, wadda a 2011 aka mayar da masu shiga ta ƙungiyoyi 68 daga cikin sama da 300, a doke ka sau ɗaya ka tattara ka koma gida. Ga dokar awa 20 a mako: a tsakiyar kaka ba ka da ikon riƙe yaran fiye da haka, da atisaye da kallon bidiyo da komai. Kuma waɗannan yaran ba ƙwararru ba ne. Akwai wanda sai ka koya masa yadda zai ajiye ƙafarsa kafin ya karɓi ƙwallo, abin da kocin NBA rabonsa da koya wa wani tun yana saurayi.

Yanzu bari mu zo kan mutane, don a nan ake gane gaskiyar magana. In aka ce "a ɗauko ɗan NBA", ba mutum iri ɗaya ake nufi ba, kuma sakamakonsu ya sha bamban.

Wanda tsofaffin ɗalibai suka fi so shi ne ɗan gida, tauraron da ya yi wa makarantar wasa a da. Georgetown ta yi haka a 2017 da Patrick Ewing. Wannan shi ne ya ci musu kofin ƙasa a 1984 ƙarƙashin John Thompson, a wasan ƙarshe da suka doke Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas. Kuma Ewing ba a kan gado ya fito ba, ya shafe kimanin shekara 15 yana mataimakin koci a NBA, ana ta tsallake shi in an zo ba da babban matsayi. Ya san aiki. Amma a shekara shida ya ci wasa 75, aka ci shi 109. A kakar 2021 zuwa 2022 wasa 19 ya buga a rukuninsu na Big East, ko ɗaya bai ci ba. Abin da ya karya shi ba dabara ba ce, riƙe 'yan wasa ne: waɗanda ya samo masu kyau, irin su James Akinjo da Mac McClung, sun bar shi sun je sun haskaka a wasu makarantun. Ya dai yi abin mamaki sau ɗaya, a 2021, da ya ɗauki kofin Big East alhali shi ne na takwas a rukunin, watanni kaɗan bayan rasuwar Thompson. Wannan mako guda ya saya masa ƙarin lokaci, makarantar kuma ta ci gaba da nutsewa har Maris 2023. Abin da ba a faɗa ranar bikin naɗi ke nan: ɗan gida ɗaukarsa da daɗi, korarsa da ciwo. Wa zai iya duban mutumin da rigarsa ke rataye a saman ɗakin wasa ya ce masa ya tattara kayansa? Sai a yi ta kawaici, a ƙara masa shekara ɗaya ko biyu da ba za a ƙara wa bare ba.

St. John's ta New York ta bi wannan hanyar da Chris Mullin a 2015, shi ma gwarzon gida, wanda bai taɓa zama koci ba a ko'ina. Ya tafi a 2019 da nasara 59, rashin nasara 73. Ka riƙe sunan makarantar nan, za mu dawo kanta.

Labarin da na fi so mutane su yi nazari a kai shi ne na Mike Woodson a Indiana, domin shi ne ainihin abin da tsofaffin ɗaliban makarantar ɗanka suke nema, kuma bai faɗi warwas ba, bai kuma yi nasara ba. Indiana gidan ƙwallon kwando ne, kofin ƙasa biyar gare ta, amma rabonta da shi tun 1987. A Maris 2021 masu hannu da shuni suka haɗa kimanin dala miliyan 10 aka sallami Archie Miller, aka ɗauko Woodson. Ɗan gida ne, ya yi wasa ƙarƙashin Bob Knight. Kuma cikakken kocin NBA ne: ya fara da Atlanta Hawks da nasara 13 a kakarsa ta farko, ya kai ta 53, ya kai New York Knicks nasara 54 a kakar 2012 zuwa 2013. Shekara biyun farko komai ya tafi daidai. Ya shawo kan Trayce Jackson-Davis ya zauna, ya shiga gasar Maris a 2022, karon farko tun 2016, ya sake shiga a 2023, har ya doke abokan gabarsu Purdue gida da waje. Amma ka lura, babban ɗan wasan nan gadonsa ya yi. Da Jackson-Davis ya wuce NBA, aka zo kan waɗanda Woodson ya nemo da kansa, sai 2024 ta wuce babu gasar Maris, 2025 ma haka, duk da kuɗin da aka kashe wajen sayo masu sauya sheƙa. Kociyoyin sakandare na jihar suna ƙorafin ba sa ganinsa a ɗakunan wasansu. Wani abin dariya kuma, ko na takaici: Knicks ɗinsa ta 2013 ita ce ta kafa tarihin yawan jefa maki uku a NBA a wancan lokacin, amma a Indiana abin da aka fi zarginsa da shi shi ne ya cusa dogaye biyu a ƙarƙashin kwando, ƙungiyarsa ba ta jefa maki uku. Ba mantawa ya yi ba. A New York an ajiye masa masu jefawa, a Indiana shi ya kamata ya nemo su, bai haɗa su yadda ya dace ba. A Fabrairun 2025 aka sanar da cewa zai sauka a ƙarshen kaka.

Juwan Howard a Michigan ya fi shi hawa sama, ya kuma fi shi faɗowa. Ya zo a 2019 daga Miami Heat inda ya yi shekara shida yana mataimaki, kuma ya yi wata hikima da ya kamata duk mai irin wannan tafiya ya kwaikwaya: ya ɗauko Phil Martelli, wanda ya shekara 24 yana jagorantar Saint Joseph's, ya zaunar da shi a gefensa. A 2021 ya ci rukunin Big Ten, aka zaɓe shi gwarzon kocin shekara, ya kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. A 2022 ya kai wa wani mataimakin kocin Wisconsin hannu bayan an tashi wasa, aka dakatar da shi wasa biyar. A 2023 babban ɗan wasansa Hunter Dickinson ya koma Kansas, shi kuma Caleb Love da ya yi alkawarin zuwa daga North Carolina, maganar ta wargaje a ofishin ɗaukar ɗalibai, kan darussan da ya yi a tsohuwar makarantarsa. Love ya tafi Arizona ya zama gwarzon rukuninsu. Ka ga irin abin da babu shi a NBA: ka gama ciniki, magatakarda ya ce a'a. Howard ya ƙare kakar 2024 da nasara 8, rashin nasara 24, aka sallame shi. Dusty May, wanda ya taso a cikin jami'a tun yana yaron ƙungiya, ya karɓa, shekara guda ya ci wasa 27.

Akwai kuma waɗanda ba ma sai an daɗe a kansu ba. Isiah Thomas, tsohon tauraro kuma kocin NBA, ya je Florida International a 2009, shekara uku ya ci 26 aka ci shi 65. Mike Dunleavy babba, wanda ya taɓa kai Lakers wasan ƙarshe na NBA, ya je Tulane a 2016, kakarsa ta ƙarshe wasa 4 ya ci cikin 31. Avery Johnson, gwarzon kocin NBA na 2006, sau ɗaya ya kai Alabama gasar Maris a shekara huɗu. Wanda ya gaje shi, Nate Oats, tsohon malamin lissafi a sakandare, shi ya kai ta zagayen huɗun ƙarshe a 2024.

To ba wanda ya yi nasara ke nan? Akwai, kuma yadda suka yi ta shi ne amsar tambayarka.

Dubi Eric Musselman. Ya jagoranci Golden State Warriors daga 2002 zuwa 2004, sannan Sacramento Kings, aka kore shi a 2007. Mutumin da ya riƙe ƙungiya biyu a NBA, sai ga shi a 2012 ya sauke girman kai ya zama mataimaki a Arizona State, daga nan LSU. Shekara uku yana ɗaukar jakar wani, yana koyon dokokin NCAA, yana sanin kociyoyin sakandare da masu riƙe da yara a gasannin bazara. A 2015 Nevada ta ba shi ragama, ƙungiyar da ta ci wasa 9 kacal a kakar da ta gabata. Shekarar farko ya ci 24. Ya kuma zo da wani abu daga ƙananan gasannin ƙwararru da ya daɗe a ciki, inda ɗan wasa yau yana nan gobe an kira shi sama: ya saba da gina ƙungiya sabuwa duk shekara. Maimakon ya yi ta gogayya da Duke da Kentucky kan 'yan sakandare, sai ya koma kwashe waɗanda suka bar wasu makarantun, irin tagwayen nan Caleb da Cody Martin. A Maris 2018 Cincinnati ta ba su ratar maki 22 a kashi na biyu, suka farke suka ci da maki biyu, suka shiga zagayen 16. Da ya koma Arkansas ya kai zagayen takwas sau biyu a jere, 2021 da 2022. Abin da ya koyo a NBA ya yi masa rana, amma sai da ya yi shekara uku yana almajiranci tukuna.

Sauran manyan sunayen da za a kawo maka a matsayin hujja, in ka bincika za ka tarar 'yan jami'a ne tun asali, NBA yawon buɗe ido suka je suka dawo. Rick Pitino ya bar Kentucky bayan ya ci kofi a 1996, ya je Boston Celtics ya ci 102 aka ci shi 146, ya dawo gida. St. John's ɗin nan da Mullin ya kasa tayarwa, Pitino ya karɓe ta a 2023 yana da shekara 70, a 2025 ya ɗauki kofin Big East. John Calipari ya sha kashi a New Jersey Nets, ya dawo ya gina Memphis, ya ci kofi da Kentucky a 2012. Kelvin Sampson, da NCAA ta hukunta a 2008 kan yawan buga wa yara waya ba bisa ƙa'ida ba, ya shekara shida yana mataimaki a Milwaukee da Houston Rockets, ya karɓi jami'ar Houston a 2014 ba ta da komai, ya kai ta wasan ƙarshe a 2025 inda Florida ta tsira da maki biyu. Waɗannan ba kociyoyin NBA ba ne da suka sauko, kifaye ne da suka koma ruwansu. Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: John Beilein, ɗaya daga cikin gwanayen koyarwa a jami'a, ya je Cleveland a 2019, bai ƙarasa kaka guda ba.

Koci ɗaya ne tak ya ci kofin biyu, na jami'a da na NBA, Larry Brown: Kansas a 1988, Detroit Pistons a 2004. Kuma labarinsa ya kawo mu kan wani ramin da ya kamata a tsorata da shi, wato doka. Jami'a uku ya riƙe, UCLA da Kansas da SMU, ukun duka sun sha hukuncin NCAA kan abubuwan da suka faru a zamaninsa. Kansas ta ci kofi a 1988, aka hana ta shiga gasar 1989 ta kare kambinta. A SMU ya yi aikin gaske, ya kai su gasar Maris a 2015 bayan rabonsu da ita tun 1993, sai bincike ya gano wata ma'aikaciyar ƙungiya ta yi wa ɗan wasa darasinsa ta intanet. Aka dakatar da Brown wasa tara, aka hana makarantar gasar 2016, shekarar da suka fara da nasara 18 a jere. A dokar NCAA, abin da na ƙasa da kai ya aikata kai ake kamawa, "ban sani ba" ba ta fid da kai.

Penny Hardaway, tsohon tauraron NBA da ya zama kocin jami'ar Memphis, shi ma ya taka irin wannan ƙayar, ta hanyar da a idon talaka alheri ne. A 2017, yana kocin sakandare, ya ba iyalan James Wiseman dala 11,500 don su yi ƙaura zuwa Memphis. Amma tun 2008 ya ba jami'ar gudummawar dala miliyan ɗaya, wanda a dokarsu ya mayar da shi mai ɗaukar nauyin ƙungiya, irin wanda aka haramta wa ba yaro ko sisi. Wiseman, yaron da duk ƙasar ke rububi, wasa uku ya buga aka dakatar da shi, ya bar makarantar. Wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyar a waccan kakar shi ne Precious Achiuwa, ɗan Fatakwal, har ya zama gwarzon rukuninsu kafin Miami Heat ta zaɓe shi a 2020.

Sai dai fa in zan yi adalci, kiɗa ya canza, kuma ya canza ta inda zai taimaki 'yan NBA. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗi da sunansa da hotonsa. A shekarar aka yarda ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba, a 2024 aka cire iyakar gaba ɗaya. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a raba tsakanin dukkan wasanni. Wato yanzu ɗan wasa yana da wakili, yana da farashi, kuma duk bazara yana iya tafiya. Wannan duniyar ce ta sa tsofaffin hannu irin Tony Bennett na Virginia da Jim Larrañaga na Miami suka ajiye aiki a 2024, kowannensu ya nuna yanayin ya daina dacewa da shi. Makarantu kuma sun fara ɗaukar janar manaja irin na NBA. Har shahararren ɗan jaridar nan Adrian Wojnarowski ya bar ESPN ya koma tsohuwar makarantarsa St. Bonaventure kan wannan muƙamin. Wanda ya saba zama da wakilai, ya saba da ɗan wasan da ke ganin kansa ma'aikaci ne, yanzu ba baƙo ba ne sosai.

Misalin da kowa ke nunawa shi ne BYU, wato jami'ar Brigham Young. A Afrilun 2024 ta ɗauko Kevin Young daga Phoenix Suns, inda yake babban mataimaki. Shekarar farko ya kai zagayen 16, ɗan wasansa Egor Demin ya zama na takwas a zaɓen NBA na 2025, sannan ya samu AJ Dybantsa, yaron da ake sa wa a sahun gaba a duk ƙasar a lokacin. Abin da yake gaya wa yara a fili yake: ku zo in shirya ku yadda ake so a can, don daga can nake. Amma kafin a ce "mu ma mu yi haka", a duba me ke ƙarƙashin tukunyar. Young bai kai shekara 45 ba lokacin, yunwar aiki na cinsa, ya shekara da shekaru a ƙaramar gasar NBA yana koyar da masu tasowa, kuma ɗan cocin da ke da makarantar ne, ya san al'adarta ciki da waje. Uwa uba, BYU na da attajirai, cikinsu har da Ryan Smith mai ƙungiyar Utah Jazz. Ban da kuɗin nan, da sunan Phoenix Suns kaɗai ba zai kawo Dybantsa ba. A 2025 jami'ar Utah ta ɗauko Alex Jensen daga Dallas, Florida State ta ɗauko Luke Loucks daga Sacramento, dukansu mataimaka ne, dukansu tsofaffin 'yan wasan makarantun.

Ka lura da cewa mataimaka ake samu. Babban kocin NBA da tauraronsa ke haskawa ba zai sauko ba, kuɗin ba ɗaya ba ne. Detroit ta ba Monty Williams dala miliyan 78.5 na shekara shida a 2023. Saboda haka wanda zai amsa kiran makarantar ɗanka, ko dai mataimaki ne mai neman inda zai nuna kansa, ko wanda aka kora yana neman inda zai huta kafin a sake kiransa. Na farko ina iya sa hannu a kansa. Na biyu ina tsoronsa, domin ranar da wayar NBA ta yi ƙara zai bar ku da yaran da suka zo saboda shi, su ma su bi ƙofa.

Da ni ke cikin kwamitin, ba zan tambaye shi wace dabara zai buga ba, na san ya fi ni sani. Zan ce ya rubuta mini sunayen mataimakan da zai zo da su, in ga ko akwai irin Martelli a ciki, wanda ya san dokar NCAA kamar tafin hannunsa, da wani matashi da ya san ɗakunan wasan sakandare na jihar. In jerin abokansa ne na NBA zalla, an gama magana. Zan tambaye shi sunan kociyoyin sakandare biyar da ke kusa da makarantar. Zan tambaye shi me zai yi in babban ɗan wasansa ya faɗi jarrabawa ana saura mako biyu a shiga Maris. Sannan kafin a kira kowa, makarantar ta fara tambayar kanta nawa ta ware wa 'yan wasa. A makarantun da ke da babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka, ita ke lashe mafi yawan miliyan 20.5 ɗin nan, ƙwallon kwando ta sami ragowa. In kuɗin da ke ƙasa kaɗan ne, gara a ɗauki koci mai rahusa daga ƙaramar jami'a wanda ya saba cin wasa da abin da ya samu, rarar albashin a sayo dogo ɗaya da mai jefa maki uku biyu.

A kwantiragin kuma a tsaya kan abu biyu: kuɗin da za a biya shi in an sallame shi ya riƙa raguwa duk shekara, kuma a rubuta abin da shi zai biya makarantar in ya tafi NBA kafin wa'adi. Ka ce wa ɗanka ya sa ido a kakar wasa ta uku, lokacin da waɗanda kocin ya gada duk sun tafi, ƙungiyar ta zama ta waɗanda ya nemo da hannunsa. A nan Woodson ya fara tuntuɓe, Howard kuma ya ɗan ƙara shekara ɗaya kafin nasa ya zo.